Ciyawar roba da ranar Kano: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan karon tambayoyi kan ciyawar roba ne suka yi min yawa, wadda masu shago ke ce wa giras kafet, har na ce to bari kawai in haɗa su wuri ɗaya in amsa. Wasu na gajarce su saboda tsawo, masu su ku yi haƙuri.

Tambaya ta farko daga wata Hajiya ce a Rijiyar Zaki. Ta ce tsakar gidanta mita 5 ne a faɗi, 7 a tsawo, shekara uku tana fama da ciyawa ta gaske, kuɗin 'yan garuwa ya ishe ta kuma duk da haka da zarar bazara ta shigo sai ta bushe ƙarmas. Ta je kasuwa an nuna mata kala huɗu duk koraye shar, farashi kowanne daban, ta rasa ta ɗauka.

Hajiya sannu da ƙoƙari. Kafin mu je kan wacce za ki ɗauka, akwai abin da mai shago ba zai faɗa miki ba ni kuma dole in faɗa, ciyawar roba tana ɗaukar zafi, zafi ba na wasa ba. Ciyawa ta gaske ruwa take fitarwa ta ganyenta shi ya sa ko da tsakar rana kika taka za ki ji sanyi, ita kuwa wannan roba ce zalla, rana take sha ta riƙe. A wuraren da ake da rana irin tamu an sha auna samanta a samu ya haura digiri 60, kin kuwa san Kano a watan Afrilu iskar kanta tana wuce 40. Wato daga wajen sha ɗaya na safe zuwa la'asar babu jikan da zai taka ta ba takalmi. In kin watsa mata ruwa za ta huce amma na ɗan lokaci ne, sai ki ga an koma gidan jiya, kuɗin ruwan da kika gudu ya biyo ki. Don haka ki fara tsayawa a tsakar gidan nan da ƙarfe ɗaya na rana ki duba ina inuwa take. In akwai darbejiya ko mangwaro ko rumfa da ke rufe ko da rabin wurin, bismillah. In kuwa fili ne fetal daga safe har magariba, ni da kuɗin ciyawar zan raba biyu in fara yin rumfa, in shimfiɗa ciyawar a ƙarƙashinta kawai, sauran a sa intalok.

To yanzu kala huɗun nan da aka nuna miki. Kore ba shi ne abin dubawa ba, duk sabuwar ciyawa kyakkyawa ce a cikin shago. Abin tambaya na farko da wace irin roba aka yi zaren. Iri uku ne a kasuwa. Akwai foliyetilin, a jikin takardar za ki ga an rubuta PE, ita ce mai laushi kuma ita ta fi dacewa da gida. Akwai folifurofilin, PP, ta fi araha ta fi kaushi kuma rana ta fi saurin cinye ta, yawancin siraran nan da ake shimfiɗawa a wurin biki a naɗe washegari ita ce. Sai nailan, ta fi su ƙarfi da jure zafi amma ga tsada ga kaushi, ba ki da buƙatarta. Mai kyau ta gida za ki ga dogayen zare na PE, a gindinsu kuma akwai wasu gajeru a nannaɗe masu ruwan ƙasa-ƙasa, waɗannan su ke tallafe dogayen su hana su kwanciya, su ne kuma ke sa ta yi kama da ta gaske.

Tsawon gashin, ki tsaya tsakanin milimita 25 zuwa 35. Na san ta 40 ko 45 ta fi daɗin taɓawa, hannu yana nutsewa, amma doguwa saurin kwanciya take a inda ake yawan bi, kuma ƙurar hunturu in ta shige cikinta fitar da ita aiki ne.

Sannan ki sa a yanko miki ɗan samfur, ko na sayarwa ne ki biya, ki yi masa abin da muke wa atamfa a Kwari. Ki lanƙwasa shi biyu ki ga ko baƙin gindin yana leƙowa sosai, in yana leƙowa gashin bai cika ba. Ki kama ɗan tsunguli ki fizga da ƙarfi, mai kyau ba za ta biyo hannunki ba. Ki juya bayan ki kankare da farce, in gari yana zubowa kamar alli to gam ɗin bayan an cika masa haɗi, damina biyu zai fara farfashewa. Ki duba akwai hudojin ruwa a jere. Ki danne da tafin hannu ki ɗaga ki ga ko gashin zai miƙe. Daga nan ki kai shi gida ki ajiye a tsakar gidan da rana ki taka da ƙafarki, gani ya kori ji.

Abin da samfur ba zai nuna miki ba shi ne koɗewa, wannan sai an shekara. Akwai sinadarin kare hasken rana da ake cuɗawa cikin robar tun a masana'anta, ido ba ya ganinsa, kuma shi ne abu na farko da masu yin ta araha ke ragewa. Ni kaina ya taɓa ci na. Na sayi wata a wani shago da ba zan kama suna ba, mutumin ya rantse min har da cewa ita ake sawa a Dubai, bazara biyu ta koma wani kala kamar miyar kuka da aka tsinka da ruwa, in ka shafa sai zaren ya dinga karyewa yana bin hannu kamar garin tuwo. Na koma ya ce ai rana ce. To da ina zan shimfiɗa ta, a firji? Tun daga nan na koyi cewa garantin baki ba garanti ba ne, ki ce a rubuta miki a rasit shekara nawa suka ɗauka ba za ta koɗe ba, wanda ya yarda da kayansa zai rubuta, wanda ya fara kame-kame ki yi masa sallama.

Lissafin kuɗi kuma, da murabba'in mita ake sayarwa amma a naɗe take zuwa, faɗin mita 2 ko mita 4. Wurinki murabba'i 35 ne amma ba 35 za ki biya ba, in aka yanko mai faɗin 4 guda biyu kowanne tsawon mita 5 kin ga 40 ke nan, ragowar ki sa a bakin ƙofa. Kuma ki tsaya a kan mai shimfiɗawa ya jera su gashin yana kallon gefe ɗaya, in ya juya ɗaya za ki ga kamar kala biyu aka haɗa miki, kuma ba ya gyaruwa in gam ya kama.

Tambaya ta biyu, wani matashi daga Hotoro. Ya ce shi da abokansa biyu sun samu fili haya suna son yin filin ƙwallo na 'yan biyar-biyar da ake biya a awa, wani ya ce zai kawo musu ciyawa mai satifiket ɗin FIFA, wani kuma ya ce akwai gwanjo da aka ciro daga Turai rabin kuɗi.

Ɗan'uwa Allah Ya sa albarka, sana'a ce mai kyau don kowa ya ga yadda filayen nan ke cika da daddare. Amma ka cire ciyawar gida daga ranka gaba ɗaya, ba abu ɗaya ba ne, ta gida in aka buga ƙwallo a kanta wata uku ta zama tabarma. Ta ƙwallo gashinta dogo ne, milimita 40 zuwa 60, kuma da gangan ake yinta da tazara tsakanin layukan ɗinki don a zuba mata ciko. Cikon hawa biyu ne, yashi wankakke busasshe a ƙasa shi ke danne ta ya riƙe gindin zaren, sai garin roba baƙi a sama wanda galibi tsofaffin tayoyi ake niƙawa, shi ke ba da taushi in an faɗi ya kuma sa ƙwallo ta yi tsalle daidai. Ɗan abin da ke leƙowa sama da cikon shi kaɗai kake gani kore. Filin da aka yi wa rowar ciko za ka gane shi, gashin ya kwanta yana sheƙi, yara suna zamewa suna gurje gwiwa, kuma zaren da ya kwanta takalmi ke tsinka shi. Ka tambayi zaren ma, akwai mai fitowa ɗaiɗai kamar ganyen ciyawa, akwai mai faɗi da aka tsattsaga kamar raga, na farkon ya fi tsayuwa ya fi kama da fili na gaske. Akwai kuma lamba da suke kira diteks, nauyin zaren ne, giram nawa mita 10,000 na zaren ya yi, in lambar ta fi girma zaren ya fi kauri. Ka sa duk mai son sayar maka ya ba ka takardar da ke da waɗannan lambobi sai ka jera su ka gwada, kar ka gwada da farashi kawai.

Maganar FIFA kuwa a nan ake yi wa mutane wayo. Gaskiya ne FIFA tana da tsarin tantance ciyawar roba tun 2001, a 2004 aka shigar da ita cikin dokokin wasa, har gasar kofin duniya ta mata ta 2015 a Kanada a kanta aka buga duka, kuma matakan biyu da aka fi sani su ne FIFA Quality da FIFA Quality Pro. Amma satifiket ɗin fili ake ba wa bayan an gama shimfiɗa shi, masu gwaji su zo su auna tsallen ƙwallo da gangarawarta da taushin ƙasa, na Pro ma duk shekara sai an sake. Ba a ba wa naɗin ciyawa da ke jingine a sito. Iyakar abin da mai kaya zai iya cewa da gaskiya shi ne irin wannan samfurin ya ci gwaji a ɗakin bincike, wannan kuma da takarda ake nunawa. Kai da za ka yi filin unguwa ba ka buƙatar satifiket, kar ka biya kuɗin suna.

Gwanjo kuma a'a. Ciyawar ƙwallo da ake wasa a kanta kullum shekara 8 zuwa 10 take yi, ba wanda zai ciro tasa tana da sauran rai ya loda a kwantena, abin da za a kawo maka ta gama aikinta a can inda ranar ma ba ta kai tamu ba. Araha ba ta ado.

Inda nake so ku zuba hankali da kuɗi shi ne ƙarƙashi, don filayen da suka lalace a garin nan yawanci ba ciyawar ce ta fara mutuwa ba, ƙasan ne. A kwashe ƙasar sama, a zuba dutse fasasshe a bi da injin dannewa, a bi da garin dutse a sake dannewa har ya yi sumul, a ba shi ɗan gangare kamar santimita 1 a kowace mita zuwa gefe, a yi kwata da za ta kwashe ruwan ta fitar da shi waje. Ka tuna ruwan Agusta a Kano, awa ɗaya zai sauke abin da zai cika unguwa, in ruwa ya kwanta garin robar nan yawo yake yi a sama ya bi kwata ya tafi, gam ɗin mahaɗa ya saki, ƙasa ta lotsa ta yi kwari. Fili mai mita 20 a 40 murabba'i 800 ne, ɗaga shi don gyara ƙasa bayan an zuba masa tan-tan na yashi ba ƙaramar asara ba ce. Kar ku yarda a yi aikin ƙasa da ido, a sa igiya da ma'auni kuna tsaye.

Sannan ku sa kuɗin kula a lissafi tun yanzu. Burushi duk sati don gashin ya miƙe cikon ya baje, ƙarin garin roba a gaban raga da tsakiya inda aka fi tattakawa, lokacin hunturu kuma ƙura tana shiga cikon ta daskare shi ya yi tauri kamar daɓe, sai an dinga tayar da shi. A hana takalmi mai ƙusar ƙarfe, a hana sigari da cingam. Kuma tunda ba mai buga ƙwallo a kan roba da azahar a garin nan, kasuwarku daga bayan la'asar ce zuwa dare, ma'ana fitila da sola ko janareto suna cikin jarin, ba abin da za a ce sai daga baya ba ne.

Wata amarya daga Zoo Road ta ce a bene take haya, barandarta tayil ce, za ta iya shimfiɗawa a kai? Ƙwarai kuwa ƙanwata, wannan ma shi ne mafi sauƙi. Ki ɗauki gajera, milimita 20 ta isa, kar ki sa gam a duk jikin tayil ɗin mutane ki jawo wa kanki rigima da mai gida ranar tashi, tef mai manne biyu a gefe-gefe ya wadatar. Ki dai tabbatar ba ki toshe hudar da ruwa ke fita ba, kuma duk bayan kwana biyu ki ɗaga ki wanke ƙasan don danshi da ƙura in suka haɗu wari suke.

Sai wani Malam mai makarantar nazare a Dorayi, yana son sawa a wurin lilo da silalo na yara, yana tambaya ko za ta kare su in sun faɗo.

Malam ciyawar ita kaɗai ba ta kare komai, in ka shimfiɗa ta a kan siminti to siminti ne mai koren riga, yaron da ya faɗo daga saman lilo kansa zai bugu kamar babu ita. Akwai katifa ta musamman da ake sawa a ƙarƙashi mai shanye bugu, kaurinta ya danganta da tsayin abin da yaran ke hawa, ka faɗa wa mai kayan tsayin ya ba ka wadda ta dace, in bai gane maganar ba ba shi ne mutuminka ba. Garin taya kuma kar ka sa a wurin ƙananan yara, suna tsinta su kai baki, yana shiga takalmi da aljihu ya bi su gida, ga warinsa in rana ta buɗe. Tarayyar Turai ma a 2023 ta yi dokar da za ta hana sayar da irin wannan ciko daga 2031, saboda ɓarɓashin roba da ke bin ruwa yana shiga ƙasa da koguna. Yashi wankakke kaɗai ya ishe ka. Kuma ka duba lokacin tara ɗinku, in sha ɗaya da rabi suke fitowa to rumfa ta riga ciyawa muhimmanci, fatar yaro ba irin tamu ba ce.

Akwai wanda ya tambaya wai Asturotaf da ciyawar roba abu ɗaya ne? AstroTurf sunan samfurin wani kamfani ne da ya bi kayan duka, kamar yadda muke ce wa kowane garin wanki Omo. Kamfanin Monsanto ne ya ƙirƙiro ta, aka shimfiɗa a filin Astrodome na birnin Houston a Amurka a 1966 bayan ciyawar gaske ta mutu a ciki saboda rufin ya tare mata rana, daga nan sunan ya samo asali. Abin dariya, can rashin rana ne ya kawo ta, mu nan yawan rana ne.

Ta ƙarshe daga wani Alhaji a Kurna, ya ce an riga an shimfiɗa masa, amma gida ne na iyali, ana turaren wuta, ana gashi, ga ragon layya duk shekara a tsakar gidan yake kwana.

Alhaji ranka ya daɗe, wuta ita ce babbar abokiyar gabarta. Ba ta cika kamawa ta yi ta ci ba amma narkewa take nan take, garwashi ɗaya ya faɗo daga kasko ya bar maka baƙin tabo mai tauri har abada, maganinsa sai a yanke wurin a yi faci kuma facin yana nunawa. A gaya wa su Hajiya kaskon turare da kurfoti su tsaya kan siminti, tukunyar da aka sauke daga wuta ma kar a dire a kai, haka salansar babur. In akwai taga mai gilashin nan mai ɗaukar ido kamar madubi da ke kallon wurin ka lura da inda haskenta ke sauka da rana, yana iya tattara zafi ya ƙona layi guda, mutane su yi ta zargin yara.

Rago kuma a nema masa wani gefen. Fitsarinsa zai bi huda ya sauka amma warin yana maƙalewa a cikin yashi da bayan ciyawar, da zafi kuma sai ya taso, ga shi zai dinga fizgar zaren yana zaton abinci ne, roba a cikin tumbin dabba kuwa ka san ƙarshenta. Yanka ma a yi shi can, jini da kitse in suka shiga gindin gashin sai ƙuda. In an riga an yi ɓarna, ruwa mai yawa da ɗan sabulun wanke-wanke da burushi mai gashin roba, ban da na ƙarfe, ban da fetur ko kalanzir. Shara ta yau da kullum tsintsiyar kwakwa ta isa, a dinga yi ana tayar da gashin ba ana kwantar da shi ba. In ka ga aya-aya ta fara leƙowa ta hudojin ruwa to ba a sa shimfiɗar hana ciyawa a ƙarƙashi ba, ka dinga cire ta da hannu tun tana ƙarama kafin saiwar ta yi ƙwari ta ɗaga maka gefe.